Khal, Gishiri da Sabulu: Me Suke Yi wa Ciyawa, Me Suke Yi wa Ƙasa?

Wani haɗin kashe ciyawa ya daɗe yana zagayawa a bidiyo a wayoyin mutane: galan ɗaya na ruwan khal, kofi ɗaya na gishiri, cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa. A gauraya, a zuba a famfon feshi, a bi ciyawar lambu da safe. Kafin la'asar ta yi yaushi, washegari ta koma ruwan ƙasa kamar an bi ta da wuta. A nan bidiyon yake ƙarewa. Ba kasafai mai ɗaukarsa yake komawa wurin bayan mako biyu ya nuna mana yadda aka kwana ba, alhali a wannan mako biyun ne duk labarin yake.

Ana iya fahimtar abin da ya tura mutane ɗakin girki neman maganin ciyawa. Maganin feshin da ya fi kowanne yaɗuwa a duniya shi ne gilayifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup. A 2015, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa daji. Hukumar kare muhalli ta Amurka ba ta yarda da hakan ba, Tarayyar Turai ma ta sabunta izinin amfani da shi na shekara 10 a 2023, amma tsoro ya riga ya shiga zukata. Mai lambun da ke shuka tumatir da latas don iyalinsa su ci, da yara suna wasa a gefen fangali, ba laifinsa ba ne idan ya ce gara abin da ake zubawa a abinci. Tambayar ita ce ko abin yana aikin da ake zaton yana yi.

Khal ɗin da ake girki da shi kusan duk ruwa ne. Kashi 5 cikin 100 ne kawai asid ɗin asetik, wanda shi ne tsamin, shi ne kuma makamin. Idan ya sauka a kan ganye yana huda siririyar fatar da ke lulluɓe da ƙwayoyin halittar ganyen, ruwan cikinsu ya tsiyaye, rana da iska su ƙarasa aikin. Shi ya sa sakamakon yake da sauri har ya ba mutum mamaki. Amma iyakarsa inda ya taɓa. Ba ya bin jijiyoyin tsiro ya gangara ƙasa. Gilayifoset kuwa shiga yake yi ta ganye ya bi hanyar abincin tsiron har saiwa, ya toshe wani sinadari da tsiro ke buƙata wajen gina jikinsa, saboda haka yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga mutuwar, amma mutuwa ce ta gaba ɗaya. Khal ya fi kama da lauje: abin da ke sama yake yankewa.

Da zarar an gane wannan, sauran bayanin ya zama mai sauƙi, domin tambayar ta koma: ina ran ciyawar yake?

Ciyawar da ta fito jiya ko shekaranjiya, mai ganye biyu zuwa huɗu, ranta duk a sama yake. Saiwarta kamar zare ce, ba ta tara komai ba. A ƙona ganyen, ba ta da abin da za ta sake tashi da shi. Wannan shi ne abin da masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka suka gani a gwajin da suka yi a Beltsville, jihar Maryland, wanda aka bayyana a 2002. Khal mai ƙarfin kashi 5 da mai kashi 10 sun kashe ciyayi a cikin mako biyun farko na rayuwarsu. Da ciyawar ta girma, sai da aka ƙara ƙarfin, kuma a wajen kashi 20 ne aka samu kisan kashi 85 zuwa 100 cikin 100. Wata ciyawa mai ƙaya da ke yaɗuwa ta saiwa, ita kam khal na kashi 5 ya ƙone samanta ƙurmus, amma saiwar tana nan daram a ƙasa. Wannan binciken ne ake yawan jingina haɗin gida da shi, sai dai ana ɗaukar rabin da ya yi daɗi a bar rabin da ke da sharaɗi.

Ko a cikin ƙananan ma akwai bambanci. Masu faffaɗan ganye, irin dangin alayyafon daji, idon tsirarsu yana can a saman kara, a fili, ganyensu kuma a shimfiɗe yake yana tare feshi kamar faranti. Su ne khal ya fi ci. Dangin haki masu siririn ganye, irin su harkiya, ganyensu a tsaye yake, yana da santsi, ɗigon feshi gangarewa yake yi. Abin da ya fi haka ma, idon tsirarsu yana gindi, daf da ƙasa, a naɗe cikin kube. Dalilin da ya sa dabba take kiwonsu su sake fitowa ke nan, kuma shi ne dalilin da ya sa khal yake ƙona bakin ganyen kawai, bayan kwana biyar a ga kore yana leƙowa daga tsakiya.

Sai manyan abokan gaba, waɗanda ransu ke ƙarƙashin ƙasa. Kiri-kiri yana tafiya ta sama da ta ƙasa, kowace gaɓa tana iya zama sabon tsiro. Tofa tana da farar saiwa mai tsini da ke ratsa ƙasa ta ɓullo can gefe. Aya-aya kuwa, wadda masana ciyayi suka daɗe suna kira mafi muni a duniya, kuma ana fama da ita a ƙasashe sama da 90, tana jera 'ya'yanta a ƙasa kamar carbi, wasu a farke wasu suna barci. Idan aka ƙone ganyen na sama, ɗan da ke ƙasa ya ɗebo daga rumbunsa ya turo sabo, wani lokaci ma ya tayar da 'yan'uwansa da ke barci. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A ƙa'ida, wanda ya dage yana ƙona kowane sabon toho da zarar ya leƙo zai iya ƙarar da rumbun a hankali, tunda kowane toho ci yake daga ajiya. Amma wannan aikin makonni ne masu yawa ba fashi, kuma duk wanda ke da wannan naci, fartanya za ta yi masa aikin ba tare da ya sayi ko kwalba ɗaya ba.

To me zai hana a nemi mai ƙarfin? Akwai shi. Ana sayar da khal na lambu mai kashi 20, har da mai kashi 30. Sai dai a nan ne sunan yake yaudarar mutane. Suna ɗaya ne da na girki, amma wannan ba abin da za a kusantar da baki ba ne. Daga kashi 11 zuwa sama, asid ɗin yana ƙona fata, kuma idan ya fantsama a ido zai iya lalata shi har abada. Tururinsa yana shaƙe maƙogwaro. A Amurka, mai kashi 20 da aka yi wa rajista a matsayin maganin ciyawa yana ɗauke da kalmar gargaɗi mafi tsanani da ake bugawa a jikin kwalbar magani, alhali yawancin kwalaben gilayifoset na lambu suna ɗauke da mafi sauƙi. Wannan ba wanke gilayifoset ba ne, gargaɗin na haɗarin nan take ne, ba na shekaru ba. Amma mutumin da zai sa safar hannu da tabarau idan zai taɓa maganin kanti, shi ne zai tsiyaya khal mai kashi 30 da silifas da hannu tsirara, iska tana kaɗawa, don kawai a ransa abin girki ne. Garin neman gira a rasa ido.

Ta fuskar ƙasa, khal shi kaɗai bai da babban laifi. Ƙananan halittun da ke cikin ƙasa suna cinye asid ɗin asetik da sauri, ya koma ruwa da iskar kabon, tsamin da ya kawo kuma ya gushe cikin 'yan kwanaki. Wannan alheri ne, amma yana nufin ba ya hana sabon iri tsirowa gobe. Abin da ya taɓa kai tsaye dai yana jin jiki: tana, kwaɗo, ƙwarin da ke taimakon shuka. Ba ya kuma bambanta ciyawa da shuka. Ɗan feshin da iska ta kwasa ta kai kan ganyen barkono zai bar masa tabo iri ɗaya. Yana cin ƙarfen bakin famfo idan ba a ɗauraye ba, yana kuma zaizayar farar ƙasa, marmara da fuskar siminti in an yawaita.

Gishiri ne inda na fi so mai karatu ya tsaya. Shi ne sirrin da ya sa haɗin nan yake ganin kamar ya fi khal zalla, kuma shi ne ɓangaren da ya kamata a cire.

A yi lissafi. Galan na Amurka, wanda da shi aka auna haɗin, lita 3.8 ne. Kofin gishiri yana kai kusan giram 290. Ke nan kowace lita tana ɗauke da wajen giram 75. Ruwan teku giram 35 yake da shi a lita. Mai wannan haɗin yana ban-ruwa da abin da ya ninka teku gishiri sau biyu, a wurin da yake fatan shuka albasa.

Gishiri yana kashe tsiro ta hanyoyi biyu. Ta farko, saiwa tana jan ruwa ne saboda ruwan cikinta ya fi na ƙasa kauri. Idan na ƙasa ya fi kauri, jan ya tsaya ko ya juya baya, shuka ta yi yaushi alhali ƙasar jiƙe take. Ta biyu, sodiyam da kulorayid, sinadarai biyun da suka haɗu suka zama gishiri, suna taruwa a ganye su ƙona gefensa, sodiyam kuma yana tare wa fotasiyam hanya, wanda shuka ke buƙata sosai. Amma ɓarnar da ta fi daɗewa a jikin ƙasar kanta take. Ƙasa mai kyau curi-curi ce, da ƙananan kafofi a tsakani inda ruwa da iska ke bi. Sodiyam yana warware waɗannan curin, musamman a ƙasa mai laka, ƙwayoyin su baje su toshe kafofin. Sai ka ga an zuba ruwa ya kwanta a sama, in ya bushe kuma fuskar ta yi ɓawo mai tauri da tsiro ba ya iya fasawa.

Kuma gishiri ba ya ruɓewa. Babu wata halitta a ƙasa da za ta cinye shi kamar yadda ake cinye khal. Hanyar fitarsa ɗaya ce, ruwa mai yawa ya wanke shi zuwa ƙasa can, wanda a rairayi yana yiwuwa, a laka kuwa ko inda ruwan sama ya yi ƙaranci sai a hankali. Inda ake ban-ruwa cikin zafi ma, ruwan da ke tashi sama yana ƙafewa shi ke dawo da gishirin fuskar ƙasa. Ba ya kuma zama inda aka ajiye shi. Wanda ya barbaɗa shi a bakin katanga ko tsakanin duwatsun daɓe yana ganin ya yi nesa da shuka, ya manta saiwar bishiya tana wuce inuwarta nisa, kuma ruwan farko zai kwashi gishirin zuwa mafi ƙasƙancin wuri, wanda sau da yawa shi ne fangali. Wake, albasa da karas suna cikin shukokin da suka fi saurin jin gishiri. Abin ban haushi, kiri-kiri yana cikin masu jure masa sosai. Sai a wayi gari an kori albasa an bar wanda aka zo kora.

Akwai masu cewa a musanya da gishirin Epsom, wai shi ba ya cutar da ƙasa. Gaskiya ne bai kai na girki illa ba, domin magniziyam ne da salfa, babu sodiyam. Amma abubuwan nan biyu abincin shuka ne, har taki ake yi da su. Zuba shi cikin maganin ciyawa ɓarnar kuɗi ce.

Sabulu shi ne mai gaskiya a cikin ukun. Ba kisa aka ɗauke shi yi ba. Ganye yana da wani shafi kamar kakin zuma da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare, sabulu kuma yana sa ɗigon ya baje ya manne. Ɗan kaɗan ya isa.

Abu biyu ne kada a gauraya da khal. Bekin soda kishiyar tsami ce. Kumfar nan da take tashi idan an haɗa su, wadda ke sa a ga kamar magani ya yi ƙarfi, alamar asid ɗin yana mutuwa ce, abin da zai rage ruwa ne da wani nau'in gishiri mai sodiyam. Toka ma haka take kashe tsami. Na biyu kuwa batun rai ne: khal da bilic na wanki suna fitar da iskar kulorin, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Ypres ta Beljiyam a 1915. Ko famfon da aka taɓa zuba bilic a ciki a wanke shi sosai tukuna. Baƙin man inji, gas da kananzir da wasu ke tuttulawa a gindin ciyawa kuwa ba su cancanci doguwar magana ba, guba ce da ke zama a ƙasa ta gangara ruwan rijiya.

Tafasasshen ruwa ya fi yawancin waɗannan tsabta. Zafi yana dafa ƙwayoyin ganye nan take, yana kuma ɗan shiga ƙasa ya taɓa wuyan saiwa, abin da feshi ba ya yi. Ba ya barin komai a baya. Ga ciyawar da ta fito a tsagin daɓe ko gefen matakala, ruwan da aka sauke daga wuta ya wadatar. Iyakarsa a bayyane take: ƙasa tana shanye zafin kafin ya yi nisa, ba kuma wanda zai tafasa ruwan lambu guda. Ruwan lemun tsami da man kanumfari da ake sawa a wasu magungunan kanti masu laƙabin "na halitta" duk layi ɗaya suke da khal, ƙona sama. Akwai kuma garin furotin masara, wanda Nick Christians na jami'ar jihar Iowa ya yi wa rajistar mallaka a 1991. Shi ba ya taɓa ciyawar da ta riga ta fito, saiwar irin da ke tsirowa yake hanawa, sakamakonsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tunda kusan kashi 10 na nauyinsa naitirojin ne, idan bai hana ciyawa ba to ya ciyar da ita.

Duk wannan magana a kan ciyawar da ido ke gani ne. Mafi yawanta ba ta fito ba tukuna. A 1879 wani masanin tsirrai, William Beal, ya binne kwalabe 20 cike da yashi da irin ciyayi a harabar kwalejin da ta zama jami'ar jihar Michigan, don a riƙa tono ɗaya lokaci-lokaci a ga ko zai tsira. Irin wani ɗan'uwan alayyafo ya tsira bayan shekara 40. Da aka tono wata kwalba a 2021, akwai irin da ya tashi bayan sama da shekara 140 a ƙasa. Gindi ɗaya na irin waɗannan ciyayi yana iya zubar da dubban ƙwayoyi. Saboda haka duk lambu yana zaune ne a kan ma'ajiyar iri, kuma duk lokacin da aka juya ƙasa da zurfi ana fito da sabbi sama, inda haske da danshi za su tashe su. Babu khal, babu tafasasshen ruwa da ke kaiwa gare su.

Abin da ke kaiwa gare su shi ne duhu ko zafi mai daɗewa. Ƙananan iri da yawa suna buƙatar haske kafin su tsira, wanda ya tsira a duhu kuma guzurinsa kan ƙare kafin ya kai sama. Shimfiɗa kwali ko jaridu a tsakanin shuka, a jiƙa, a ɗora busasshiyar ciyawar da ba ta yi iri ba ko ganyaye mai kaurin santimita 5 zuwa 10, yana rage ciyawa fiye da kowane haɗin kwalba, ga riƙe danshi, ga taki idan ya ruɓe. A ja shi kaɗan daga jikin karan shuka don kada ya ruɓar da shi. Hanyar zafi kuwa, wadda Jaacov Katan da abokan aikinsa suka bayyana a Isra'ila a 1976, ita ce a jiƙa ƙasa sosai a lokacin da rana ta fi zafi, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a binne gefunanta, a bari mako 4 zuwa 6. Saman ƙasar yana iya kaiwa maki 60 a ma'aunin Selsiyas, wanda ke dafa yawancin irin da ke kusa da sama. Ledar mai nuna ciki ta fi baƙa zafafa ƙasa, ko da yake hankali yakan ba mutum akasin haka.

A ganina khal yana da gurbi ɗaya a lambu da ya dace da shi sosai. A gyara fangali kamar za a yi shuka, a ba shi ruwa, a ƙyale shi kwana 7 zuwa 10. Irin ciyawar da ke sama zai fito, ƙanana, masu ganye biyu. A nan khal na girki, ba a surka shi da ruwa ba, da 'yan ɗigon sabulu, babu gishiri, zai share su ba tare da an motsa ƙasa an tayar da na ƙarƙashi ba. A jira raɓa ta bushe, a zaɓi ranar da ke da rana, babu iska, babu alamar hadari, a jiƙa ganyen sosai. Bayan kwana biyu ko uku a yi shuka ba tare da sake kaftu ba. Shukar za ta samu tazarar makonnin farko, lokacin da gasar ciyawa ta fi yi mata illa.

Aya-aya ba ta shiga wannan lissafin. Tsininta yana huda kwali, yana huda leda, 'ya'yanta na can ƙasa kuma sukan tsallake zafin rana. Ita sai tono: a bi carbin da haƙuri lokacin da ƙasa ke da laushi, a tsince 'ya'yan, a baza su a rana su bushe ƙayau, domin bushewa na kashe su. Kada a jefa su cikin tarin taki. Wanda ya kuɓuce ya turo ganye, a cire shi kafin ya kai ganye biyar ko shida, wato kafin ya fara ɗaura sabbin 'ya'ya a ƙasa.